Ƙarfen da Na Yanke a Gummi

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya ba ni ikon faɗin abin da ya faru ba ƙari ba ragi, don raina a ɓace yake tun kafin in fara. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa ubanku ya lalata motar wansa saboda hassada. Kun ji a bakin dangi a Anka, kun ji a tasha, wasunku ma a makaranta aka fara yi musu gori da maganar. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku nawa ɓangaren ba, saboda muddin Yaya Garba yana raye ban so ku riƙa kallon wan ubanku da wani ido. Yanzu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Inna ta riga shi, ni kuma ƙarfina ya fara tafiya. Gaskiya ne na yanke ƙarfen motarsa, da hannuna, da rana tsaka, a gaban jama'a. Ban yi nadama a ranar ba, kuma har yau ban yi ba. Abin da nake so ku sani shi ne wane ƙarfe ne, kuma me ya kai ni.

Wanda bai yi aikin mota ba yana ganin tirela abu guda ce. Abu biyu ne: akwai kai, inda inji da direba suke, akwai bodi, inda ake loda kaya. A bayan kai akwai wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga a tsakiya, muna ce masa tantebur. A ƙarƙashin gaban bodi kuma akwai wani guntun ƙarfe da bai fi kaurin wuyan hannun babban mutum ba, shi ne kinfin. Idan ka ja kai da baya, kinfin ya shige tsagar, haƙoran da ke ciki su kama shi su kulle. Iyakar abin da ya haɗa su ke nan. Nauyin kaya a kan farantin yake zaune, ja da birki kuma duk a wuyan wannan guntun ƙarfe suke ƙarewa. Duk kwanar da ka sha, ƙarfe yana murzar ƙarfe, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai giris. Maigidan da ya koya mini tuƙi a Gusau bai bar ni na taɓa sitiyari ba sai da na ƙware a kankare tantebur. Ba a lafta sabon giris a kan tsoho, domin tsohon ya riga ya sha yashi, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfe fiye da a bar shi a bushe. Sai ka raba kai da bodi, ka kankare, ka wanke da dizal, ka sunkuya ka duba da idonka, ka shafa da yatsanka, sannan ka cika ramukan farantin da sabo, ka shafe haƙoran, ka shafe kinfin. Aiki ne mai ƙazanta, yana cin wuni, kuma babu mai yaba maka a kansa. Motar da aka yi wa haka tana shan kwana a sanyaye. Wadda aka hana kuwa, sitiyari yakan yi nauyi, bodi ya riƙa tura kai, sannan duk sanda ka tashi ko ka taka birki sai ka ji wani bugu a bayanka, kamar an saki taɓarya a turmi.

Yaya Garba ɗan kasuwar hatsi ne. Da Allah Ya buɗa masa ya sayi tirela, ba sabuwa ba amma lafiyayya, ya aika aka kira ni daga Gusau, ya ce gara ɗan uwa a kan bare. Na dawo gida Anka da uwarku Luba, aka ba mu sashe a gidanmu na gado, ɗakin Inna yana tsakiya, nasa a gabas, namu a yamma. Mun yi shekaru masu daɗi, ba zan ɓoye ba. Gero da dawa da wake nake kwasa daga Gummi da Bukkuyum in kai kudu, in dawo da manja da katako. A lokacin in na ce mota tana son giris ko taya, ba ya ko tambayata. Tuwonmu a tukunya guda ake yi.

Sai shekarar zinari ta zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Mutane masu hankali suka ajiye fartanya suka shiga ramuka. Buhunan dutse suka cika ƙauyuka, injinan niƙa suna ihu tun daga safe har faɗuwar rana, mata suna daka dutse a turmin da suke daka fura. Yaya ya ga ana neman mai kwasar dutse daga daji zuwa inda ake niƙa, wajen Abare da Sunke, sai ya cire motar daga hatsi ya tura ni can. Hanyoyin nan ba na tirela ba ne, ko a-kori-kura da ƙyar take bi. Dutse kuma ba gero ba ne. Rabin bodi na dutse ya fi cikakken bodi na gero nauyi, amma masu lodi ba sa tsayawa sai sun ga babu wurin ɗora buhu. Ga ƙurar wurin, mai laushi kamar gari, tana shiga ko'ina. Giris ɗin da zan shafa yau, kafin in je in dawo ya koma baƙin taɓo mai tsakuwa. Na ce wa Yaya dole ne bayan kowace tafiya in raba motar in wanke in sake.

"Wuni guda kake so in tsai da mota don shafa mai?" in ji shi. "Ka san abin da wuni guda ka kawowa yanzu?"

"Na sani, Yaya. Amma ƙarhen yana cin kainai."

"Zuba mai baƙin mai ta gefe, ka tahi. Kowa haka shi kai."

Baƙin mai shi ne wanda aka juye daga inji. Ruwa ne, ba ya zama. Kafin ka fita gari ya tsiyaye, abin da ya rage kuma ƙura yake kira. Na yi yadda ya ce, domin motarsa ce, kuma wana ne. In na sami sarari a ɓoye nakan raba in wanke, amma sararin bai cika samuwa ba.

A daminar nan ne yara suka fara mutuwa. Luba 'yar Tungar Guru ce, kun sani. Yayarta ta rasa ƙananan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, muka je ta'aziyya. Na ga maƙabarta da ƙananan kaburbura sababbi a jere, ƙasarsu ba ta ko bushe ba. A zauren makoki wani ya ce iskoki ne, wani ya ce zazzaɓi ne, kowa ya rufe da cewa ƙaddara ce. Sai da likitoci suka zo suka auna jini suka auna ƙasa, suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, ƙurar da ake niƙawa a tsakar gida ita ke shiga cikin yara. Ƙaddara gaskiya ce, ni musulmi ne. Amma na tsaya a bakin kaburburan nan na ga cewa ba a ga abin ba ne don ba wanda ya so ya duba, kowa idonsa yana kan zinari. Tun daga ranar Luba ta hana ni shiga sashenmu da kayan aiki. A zaure nake tuɓewa, in yi wanka, sannan in ɗauki waninku.

Da kaka ta yi, hukuma ta matsa wa masu niƙa, Yaya ya mayar da motar kan hatsi. Amma ɓarna ta riga ta auku. Bugun nan na baya ya yi ƙarfi har ina jin sa a ƙashin bayana. Na raba motar a Bukkuyum na wanke, na ga farantin ya yi kwazazzabai, haƙoran sun saki, kinfin kuwa ya cinye a tsakiya ya yi ƙugu. Na ce a saya sabo. Yaya ya ce sai an je Kano, ga lokacin kaya ya kama, ya kira mai walda ya yi wa kinfin ciko da wuta aka goge da dutse, ya yi kyau a ido. Wannan ƙarfe ba a yi masa walda. Wuta tana kashe shi, ya zama mai tauri a waje, mai saurin karyewa a ciki. Na faɗa, ba a ji ba. Na yi tafiya da ita zuciyata a hannu, da na dawo na sake rabawa na wanke. A gindin cikon, inda sabon ƙarfe ya haɗu da tsoho, na ga tsaga siririya kamar gashi ta zagaye kusan rabinsa. Na goge, na sake dubawa, na diga dizal na ga yana shigewa ciki. Na zauna a ƙasa a ƙarƙashin bodin nan.

Da la'asar na sami Yaya a ɗakin Inna. Da gangan na zaɓi wurin, ina zaton a gaban uwa zai saurara. Na gaya masa abin da na gani, na ce ba zan sake jan kaya da wannan kinfin ba.

"Ka ji ko, Inna?" in ji shi. "Kullum mota ba ta da lahiya. Tun da Allah yab buɗa man, wanga yaro bai taɓa hwaɗin alheri bisa motag ga ba."

Inna tana kan tabarma tana tsinke zogale. Ba ta ɗaga kai ba.

"Mamman, wanka na. In yac ce ka tahi, ka tahi. Rai ga hannun Allah shi ke, ba ga ƙarhe ba."

"Inna, Allah da kainai Yac ce kada mu jefa kanmu ga halaka."

"Kada ka yi man wa'azi cikin ɗakina. Kuma ka bar yi ma dukiyar ɗan'uwanka mugun baki."

Wannan kalma ta mugun baki ita ce ta fi ƙona ni, har yau. Mutum ya sunkuya cikin datti ya duba, ya zo ya faɗi abin da idonsa ya gani, a ce baki yake yi. Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin motarsa ba shi ne mai tawakkali. Yaya ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce to shi ke nan, ba a tilasta wa kowa. Jibi kasuwar Gummi, akwai lodin dawa da ya riga ya yi alkawari. In kai motar ba kaya in ajiye a bakin kasuwa, in ba Murtala makulli.

Murtala babban ɗansa ne. Ya iya tuƙi, ni na koya masa, amma bai daɗe da samun lasin ba, ga shi da sabuwar amarya mai ƙaramin ciki. Kuma kun san yadda ake lodin Gummi da kaka. Ba dawa kaɗai ake ɗorawa ba. Bayan an ɗaure buhuna sai mutane su hau sama, masu kayan da 'yan ci-rani masu tafiya kudu, su zauna ƙafafu a reto. In kinfin ya karye a gangara, kai ya yi gaba, bodi ya dunguri ƙasa ko ya kwanta, waɗanda ke sama su ne na farko, buhuna su biyo su.

Na koma sashenmu na gaya wa Luba na ajiye aiki, ina jin kamar na yi abin kirki. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"To mi kag gyara?" in ji ta. "Kanka kaɗai kah hidda. Mota dai za ta tahi."

"Mi za ni yi? Motatai ta."

"Ni ban san mota ba. Na dai ga kaburburan ɗiyan yayata, kuma kowa yana cewa da an sani. Kai ka sani."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ku riƙe wannan game da uwarku. Ta san sarai abin da zai biyo baya zai faɗa a kanta ita ma.

Ranar kasuwa na kai motar Gummi da hantsi. Buhuna suna jibge, masu lodi suna jira, matafiya sun fara taruwa da ƙullin kayansu. Murtala ya zo da farar riga, yana murna. Na sauke ƙafafun bodi, na zare kai gaba, na ce masa ya zo ya duba. Ya tsaya daga nesa ya ce Baba ya ce lafiya lau, kuma an ce masa zan yi ƙoƙarin tsorata shi. Na je wurin mai dawar, ya ce shi da Alhaji, wato Yaya, ya yi magana. Na je wurin shugabannin tasha, suka ce maganar 'yan uwa ce, ba sa shiga. Babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba a safiyar nan, ina so ku san wannan, domin masu ba da labarin sukan tsallake shi.

Akwai wani mai walda a bakin kasuwar, Ɗanjuma, mun saba. Na ce ya jawo tukunyar gas ɗinsa ya yanke mini kinfin. Ya dube ni ya ce shi mai iyali ne, ba zai taɓa motar Alhaji ba. Na ce to ya ara mini wutar. Sai ya ce zai je ya yi alwala, abin da ya faru a bayansa bai gani ba.

Na jawo tukunyar da kaina, na shiga ƙarƙashin bodi na kunna. Na yanka daga sama, can kusa da gindi, don in bar tsagar yadda take kowa ya gani. Tartsatsi yana zuba a kan hannuna, tabon yana nan kun sha gani. Kafin mutane su gane abin da nake yi, aiki ya yi nisa. Murtala ya kama ƙafata yana ja, na ce masa in ya sake ja wutar za ta sauka a fuskata, sai ya saki. Ƙarfen ya faɗo ƙasa yana ja wur. Daga nan babu mai iya haɗa wannan kai da wannan bodi, ko waye shi.

An kira Yaya a waya, ya iso bayan azahar. Na ɗauko ƙarfen, ya huce, na miƙa masa ina nuna masa tsagar. Bai kalla ba. Ya mare ni a tsakiyar kasuwar Gummi, ina da mata da 'ya'ya, furfura ta fara fito mini. Ban ɗaga hannu ba. Ya sa aka kai ni wurin 'yan sanda, na kwana can, washegari dattawan unguwarmu suka zo suka ce a mayar da magana gida. A zauren gidanmu aka zauna. Na ce a kawo ƙarfen a kira duk makanikin da suka yarda da shi. Yaya ya ce ai ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, me zai yi da shara. Dattawa suka gyaɗa kai. Babu wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yi gaggawar rabuwa da abu guda da zai raba gardama. Wani a cikinsu ya ce ko da ƙarfen ya tsage, ba hurumina ba ne. Wani ya ce hassada tsakanin wa da ƙane daɗaɗɗen ciwo ne. Suka yanke cewa in durƙusa in ba shi haƙuri, in ce sharrin Shaiɗan ne, a rufe magana.

Na ce zan ba shi haƙurin kunyar da ya sha a kasuwa, da lodin da ya rasa. Amma ba zan ce Shaiɗan ne ba, domin da hankalina na yi, kuma in aka mayar da ni ranar zan sake.

Inna tana jin komai daga bayan ƙofa. Ta aiko a kira ni.

"Na ce ka tahi, ka ƙi. Na ce ka bar baki, ka sa wuta. Yanzu an ce ka ba da haƙuri, ka tsaya kana zaɓe. Gidan ga ba shi ɗaukar ku biyu, Mamman. Kuma ba shi za shi hita ba."

Haka muka kwashe kayanmu muka koma Bukkuyum, ɗakin haya guda, ku ƙanana kuna tambaya yaushe za a koma gida. Labari ya riga ni zuwa kowace tasha daga Gusau har Sakkwato: direban da ya yanka motar ubangidansa. Wa zai ba ni makulli? Na yi yawo har na gaji. Ni da na san hanyar kudu kamar tafin hannuna, na ƙare da bokitin giris da ƙarfen kankara a bakin titi, ina wanke tantebur ɗin motocin da yaran da na koya wa tuƙi suke ja. Da wannan aka ciyar da ku, da ƙosan da uwarku take toyawa a ƙofar gida, ita da ba ta taɓa talla ba a gidan ubanta. Yanzu har wani farantin roba ake shimfiɗawa a kan tantebur don rage gugar, direbobi suna nuna mini suna cewa ya rage musu wahalar giris. Nakan ce musu madalla, amma roba ba ta sunkuyawa ta duba maka kinfin.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Bayan na yanke, Yaya ba shi da zaɓi, ya aika Kano aka kawo sabon kinfin, aka canza haƙoran. Abin da ya ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin 'yan kwanaki. Murtala ya ja motar shekara da shekaru, ko akuya bai taka ba. Sai mutane suka riƙa nuna ta in ta wuce, suna cewa ga motar da Mamman ya ce za ta kashe mutane, ga ta tana ta aiki. Ta yaya ba za ta yi aiki ba, bayan ƙarfen da zai kashe su na riga na cire shi? Da na yi shiru na miƙa makulli, bodin ya kwanta a wata gangara da mutane a sama, da yau ana cewa Allah sarki, Mamman ya faɗa. Da ina nan a gidan ubana da mutuncina, ana zuwa neman shawarata. Mutanenmu gawa suke yarda da ita. In ka hana ta aukuwa, ba ka da shaida.

Inna ba ta taɓa shiga gidana na Bukkuyum ba. Ina zuwa gaishe ta duk Juma'a, ta amsa a taƙaice fuskarta a bango. Da ciwon ajali ya kama ta aka kira ni, na same ta ta rame, Yaya yana zaune a gefe. Ta kama hannuna, wanda ke da tabon, ta ce kafin ta tafi tana so ta ji na ce wa wana na yi kuskure. Na san kalma guda ce, kuma na san ita ce buƙatarta ta ƙarshe gare ni. Na durƙusa na ce Inna ki yafe mini saɓa miki da na yi, da baƙin cikin da na sa ki. Na juya na ce Yaya ka yafe mini duk abin da ya ɓata maka rai. Ta jira sauran. Ban faɗa ba. Ta saki hannuna a hankali ta ce Allah Ya shirya. Ba ta tsine mini ba, ba ta kuma sa mini albarka yadda uwa take sa wa ɗa ba. Da wannan nake kwana nake tashi. Kada wani ya ce muku abin bai ci mini komai ba.

Bayan rasuwar Yaya, a Sallar da ta wuce, ɗan'uwanku Bashiru ya tattara ku kuka je Anka ba da sanina ba, kuka durƙusa a gaban Murtala kuka roƙar mini gafarar abin da na yi wa mahaifinsa. Na san da kyakkyawar niyya kuka yi, kuna so zumunci ya dawo. Aka ce Murtala ya ce ya yafe, har aka yi addu'a. Da labari ya zo mini ban iya cin abinci ba. Washegari na hau mota na tafi Anka. Na same shi a zauren da aka yi mini shari'a, ya yi ƙiba, ya yi gemu, 'ya'yansa suna kewaye da shi, har da babbar, wadda take cikin uwarta a waccan shekara, ta zo yawon Sallah da jaririnta a baya. Suka gaishe ni, na amsa, na karɓi jaririn na yi masa addu'a na mayar.

"Murtala, ɗiyana sun zo sun amshi wani abu nan jiya. Na maido ma."

"Mi na ne, Baba Mamman?"

"Gahwarar da kab ba su. Ba ni sonta. Aje ta, ka ba wanda yay yi ma laihi."

Na yi sallama na fita. Na kusa bakin titi sai na ji takun mutum a bayana, shi ne, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙasa, ya yi magana a hankali yadda ba mai ji.

"Baba, da gaske ya tsage?"

A duk shekarun nan, daga Inna har dattawa har ku, shi ne mutum na farko da ya yi mini wannan tambaya.

"Da gaske," na ce.

Bai ce ya yarda ba, ni ma ban tsaya jira ba. Motar Bukkuyum ta tsaya, na shiga.

To ku ji. Ku je gidansu, ku gaishe su, ku halarci sunansu da bikinsu da makokinsu, jininku ne. Ina da laifuffuka da yawa da za ku roƙar mini gafarar Allah a kansu in na mutu, kuma ina so ku roƙa. Amma wannan guda, kada wanda ya sake durƙusawa a gaban wani mahaluki saboda shi, ina raye ko ba na raye.